Rabin Kuɗin Yini

Motar siminti ta tsaya a mahaɗar titi, lebura kusan arba'in suka yanyame ta. Mutum ɗaya kacal direban yake nema.

Leburorin mahaɗar suna da doka guda: idan wani yana ciniki, kowa ya kama bakinsa. Wani da ake kira Shiru-shiru ya fi kowa kiyaye ta, shi da ko gaisuwa sai an ciro masa daga baki. Amma kwanansa tara ba aiki, 'yarsa kuma tana kwance da zazzaɓi, takardar magani na aljihunsa har ta fara yagewa.

Yana can baya, ƙeyoyin mutane kawai yake gani. Muryar direban ce ta iso masa: "To, na yarda, kuɗin yini cikakke. Amma fa ka yi tsada."

"Ni zan yi a rabi!"

Sai da maganar ta fita ya gane tasa ce. Taron ya dare. A jikin motar wani dattijo ne tsaye, ƙafarsa ɗaya har ta hau taya. Ya dubi Shiru-shiru, ya sauke ƙafar a hankali.

Zagi ya taso ta ko'ina, wani har ya cakumi rigarsa. Dattijon ne ya ɗaga hannu.

"Ku ƙyale shi, jama'a. Yana da mara lafiya a gida."

Shiru-shiru ya buɗe baki zai ce ya fasa aikin. Direban ya yi dariya, ya ce tunda akwai mai yi a rabi, ai cikakke ya mutu yau, ko wa zai hau. Shiru-shiru ya hau, kansa a sunkuye.

Buhu ɗari da ashirin ya sauke. Nauyinsu bai dame shi ba kamar yadda dattijon ya sauke ƙafar nan. Da ma mutumin ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Da rana aka miƙa masa ruwa, ya ajiye bai sha ba. Kunya ta gama cinye shi.

Da yamma ya tsaya wurin mai magani. Mutumin ya duba takardar, ya duba abin da ke tafin hannunsa.

"Wannan ai rabin kuɗin ne, malam. Sai ka ciko."

Ya daɗe a ƙofar gida kafin ya iya yin sallama. Matarsa ta karanta fuskarsa, ta ba shi hanya ya wuce. A ɗaki yarinyar na kwance, jikinta kamar garwashi, ana yi mata fifita da kwali.

Mai fifitar ya ɗago. Dattijon mahaɗar ne, mahaifinsa, wanda da safe ya ce musu gaisuwar wani aboki zai je.

"Sannu da aiki, ɗana," in ji shi. "An samo wa jikata maganin?"