Lambobi Shida na Ƙarshe

Manajan masana'antar bai ko ɗago kai ba ya miƙa wa ƙwararriyar kwamfutar da aka ɗauko haya katin shiga ɗakin kwamfutoci.

"Masu binciken tsaro sun hana mu sakat, wai lokacin da ke fayilolinmu bai cika ba. Ki gyara cikin kwana uku."

Ba ta yi cinikin lada ba, ta karɓi katin.

Matsalar a fili take. Kowane inji yana aiko da lokacinsa har nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, lambobi tara ke nan bayan daƙiƙar. Amma manhajar da ke zuba bayanai a fayil, ginshiƙin lokaci daban, na sunan na'ura daban, tana datse lambobi shida na ƙarshe. Abu biyu in sun faru kusa da kusa, sai su fito tamkar lokaci ɗaya.

Kafin azahar ta gyara. Sai ta koma ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, tsofaffin fayilolin fa? Asalin bayanan na nan a ajiye. In sake rubuta su, a tura wa masu binciken gaba ɗaya?"

"Tura, tura," in ji shi, ya sa hannu yana waya.

Fayil ɗaya ta fara buɗewa, na wata Talata shekara huɗu baya. Ranar ce injin matse ƙarfe ya cinye hannun mai kula da shi. Rahoton kamfani ya ce shi ya cire kariyar injin da kansa, aka sallame shi har da takardar sakaci. A tsohon fayil, saƙon cire kariya daga allon injinsa da wani umarni daga ofis lokacinsu ɗaya, nasa ne a sama.

Yanzu lambobin sun cika tara. Umarnin cire kariya daga kwamfutar manaja ya fito, don aiki ya yi sauri. Allon mai kula da injin amsawa kawai ya yi daga baya.

Ta sake karanta layin. Sannan ta tura.

Da safiyar Litinin tana gida wayarta ta yi ƙara. Manajan ne.

"An dakatar da ni! Ke wace ce? Wa ya turo ki?"

Ta kife wayar a kan tebur, ta ci gaba da ɓalla maɓallan rigar dattijon da ke zaune gabanta, ta naɗe masa hannun rigar dama da babu komai a ciki shekara huɗu ke nan.

"Ɗaga kai, Baba, saura na wuya."