Ruwa a Dam, Makulli a Ƙasar Waje

Tun da ka ce gobe za ku sa hannu da kamfanin nan, zauna ka ji wani misali. An yi wani injiniya mai kula da dam ɗin da manoman rani ke shayar da alkamarsu. Wani kamfani ya kawo masa tsarin kwamfuta mai buɗe ƙofofin ruwa, iri biyu, aka ce ya zaɓa. Akwai wanda ke aiki shi kaɗai a ɗakin kula da dam ko babu intanet, sai dai kulawa da gyara duk a wuyan injiniyan. Akwai kuma wanda rabin aikinsa ke nan, rabi a na'urorin kamfanin a ƙasar waje, su ke kula da komai, muddin na'urar da ke dam ɗin tana gaishe su lokaci-lokaci ta intanet. Ya ɗauki na biyu don ya huta. Aka cire sitiyarin ƙarfen da ake murɗawa da hannu a buɗe ƙofofin, aka sa injina.

Ana nan ɓarayin daji suka addabi yankin, hukuma ta katse sabis ɗin waya da intanet gaba ɗaya. Na'urar ta yi ta aiki na ɗan lokaci, ran nan ta nemi masu ita ba ta ji su ba, sai ta kulle kanta, daidai lokacin da alkama ta yi ciki. Injiniya ya tsaya a ɗakin: ga wutar sola, ga fanka na juyawa, ga fitilu na ƙyaftawa, babu abin da ya lalace. Ta taga yana hango ruwa ya cika dam fal. Wani dattijon manomi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Injiniya, ruwan nan na waye?" Ya ce, "Namu ne, Baba." Dattijo ya ce, "To, ba mu." Injiniya ya yi ta zarya zuwa birni neman izinin fasa ƙofofin, kowane ofis na tura shi gaba, don babu mai son a ce shi ya ɓata kayan gwamnati. Ranar da sabis ya dawo, na'urar ta farka da kanta, ta yi wa injiniya barka da dawowa, ta buɗe ƙofofin. Ruwa ya kwarara cikin busasshen kara, yana kallo, manoma na kallonsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.