Ranar da Bashi Ya Canza Suna

"Alhaji, ka bar bashin da sunana, ka riƙa biyan banki wata-wata," in ji Fatahu. "Ai akwai amana."

Alhaji Hashimu, mai shagon siminti a Arlit, ya yi dariya har da buga cinya. Kamfanin yuraniyom ya sallami Fatahu, zai sayar wa Alhaji gidansa ya koma Tawa, da sauran bashin banki miliyan huɗu a kan gidan. Shi Alhaji da ya ga jiya ya ga yau, lebura zai yi wa wayo?

"Amana ta mutu, ɗan'uwa. Takarda ce ke magana."

Kwana uku Alhaji yana zarya a banki, sai da bashin ya koma sunansa. Ya cika kasuwa da labarin dabararsa.

Ran Juma'a rediyo ta sanar: kamfani zai biya bashin gidan duk ma'aikacin da ya sallama, muddin bashin da sunansa yake.

Alhaji ya buga waya. "Fatahu, dawo mu ce kuskure ne. Ai akwai amana."

"Mun wuce Agadas," in ji Fatahu. "Amana kuwa, Allah ya jiƙanta. Ai kai ka yi mata salla."