Ranar da Barira Ta Kama Sunansa

Lawali ya tarar da Barira a bakin tabkin Madarumfa, tana wanke tukunyar da rabonta da murhu tun shekaranjiya. Tun da aka sa musu rana ba ta sake kama sunansa ba, saboda kunyar mijin gobe. Sai dai ta ce "Malam".

Shi ne ya lallashi mahaifinta ya sayar da shanun huɗa, ya kai kuɗin ajiya banki a Maraɗi. Aka rufe iyaka, ciniki ya mutu, bankin ya durƙushe da kuɗin jama'a. Ga ruwa ya sauka, turke wayam.

"Katsina zan tafi, ta daji," ya ce. "Kafin kaka zan mayar wa Baba shanunsa. Ki jira ni."

Ba ta ɗago ba.

"Baba bai zage ka ba, ko sau ɗaya. Jiya da kafaɗarsa ya ja garma, ni ina riƙe."



Ta aza tukunyar a ka, ta dube shi ido cikin ido.

"Allah ya kiyaye hanya, Lawali."

Sunan ya fito daga bakinta sarai, ba ko gargada, yadda ake kiran ɗan maƙwabta.