Ladan Injin Gwangwani

"Ka ƙera wa Bature ƙaramin injin jirgin sama irin nasa, shi kuma ya sa a sako ɗanka daga aikin tilas," in ji Sabo tafinta.

"Na yarda," Gwadabe maƙeri ya ce.

Ya je ya ƙare wa injin kallo, ya koma maƙerarsa a Gwale. Ya yanka gwangwani, ya narka dalma, ya shafa shuni da baƙin tukunya. Abin bai fi tafin hannu ba, amma har farfelarsa juyawa take.

Bature ya gani, ya washe baki.

"Ya ce yaya sunan yaron?" in ji Sabo.

Gwadabe ya sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ga zaure cike da mutane. Wane uba ne zai kama sunan?

"Haba Malam Sabo, ai ka san shi. Faɗa masa mana." Ya fice don kunya.

Kwana biyu sai ga wanda aka sako: ƙanen Sabo.

Bature ya tashi da injinsa, Sabo ya sami ɗan'uwansa. Gwadabe kuwa yanzu kam yana kiran sunan, sai dai ba mai amsawa.