Gungumen Marke a Ƙofar Gida

Ka ce mini komai yana hannunka, gyara kawai ya rage, kuma wai gyara ba ya gudu. To, zauna ka ji labarin wani manomi, mutumin kirki, wanda ko maƙiyinsa bai taɓa kiransa rago ba.

Shi da matarsa sun daɗe suna neman haihuwa, har dangi sun gaji sun daina tambaya, sai Allah ya kawo rabo. Da tsofaffi suka duba, suka ce haihuwar za ta faɗo tsakiyar ɗari, lokacin da ruwan randa yake cizon haƙori. A garinsu kuwa itacen jego a wuyan miji yake. Shi zai tara wanda za a dafa ruwan wankan mai jego safe da yamma, da wanda za a hura a ɗaki don ita da jariri su ji ɗumi. Murna ba ta bar mutumin nan ya tsinto ƙirare kamar kowa ba. Damina na ɗaukewa ya saɓi gatari, ya kayar da wani ƙaton marke da ke bakin gonarsa, ya daddatsa shi gunduwa-gunduwa, jaki ya yi ta jigila har tsibin ya wuce tsayin danga. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya ce, "Kai, wannan itace ai ko tagwaye aka haifa ya isa!" Shi kuwa bakinsa har kunne. Ya san sarai sai an faskara marke rana da iska suke ratsa cikinsa. Wane manomi ne bai san wannan ba? Amma ga dawa ta nuna, ga gyaɗa tana jiran cira, ga akuyoyin mutane sun sa wa wake ido. Ya ce faskare ai ba wani aiki ba ne, bari a kai amfani rumbu tukuna. Kullum in ya dawo daga gona a gajiye sai ya shafa gungumen, ya ji ɓawon ya bushe ƙayau har yana ɓarewa a hannu, sai hankalinsa ya kwanta.

Haihuwa ba ta jira lissafin kowa ba. Wata safiya mai tsananin sanyi ungozoma ta leƙo ta ce an samu mace, a ɗora ruwa, a kawo wuta ɗaki. Ya zabura ya dirka wa gungume gatari. Da itacen ya tsage, sai ga cikinsa jiƙe, yana ƙamshin ɗanye kamar jiya aka sare shi. Ya tsaga na biyu, ya tsaga na ƙasan tsibi, duk kanwar ja ce. Ya durƙusa ya yi ta hura murhu har idonsa ya kaɗa, itacen yana tsuwa, kumfa tana fita ta gindinsa, tukunya ko ɗumi ba ta yi ba. Ɗan abin da ya kama aka zuba a kasko aka shigar ɗaki, nan da nan hayaƙi ya turnuƙe. Daga waje yana jin tarin matarsa, ƙarƙashinsa kuma wani ɗan siririn tari, na yarinyar da ya yi shekaru yana roƙon Allah ya ba shi. Ungozoma ta fito da kaskon ta dire a gabansa, ta ce, "Ɗan nan, ko ka kawo busasshe, ko sanyi ya kama mana yarinya."

Maƙwabta sun yi abin da za su iya, amma a tsakiyar ɗari kowa da bakin murhunsa. Wannan ya ba da runguma ɗaya, wancan ya kawo kara, shi kuwa kara ya yi bal ya mutu. Busasshen itace mai auki da ya rage a gidan guda ne, wato rumfar mahaifinsa marigayi. Ginshiƙanta na ƙirya ne, tsohon ya kafa su da hannunsa, a nan yake zama har ya bar duniya, a nan kuma ɗan ya yi niyyar karɓar baƙi ranar suna. Ya tsaya a inuwarta jim, sannan ya yaye zanan, ya girgiɗe ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Ƙiryar ta kama ba gardama, ba hayaƙi, garwashinta ja wur. Ruwa ya tafasa, ɗaki ya ɗumama, tarin ya lafa. Wallahi duk lokacin da na tuna mutumin nan sai tausayinsa ya kama ni, don bai yi ƙyuya ba, bai yi rowa ba. Abu ɗaya ya ɗaga zuwa gobe.

Ranar suna baƙi a rana suka zauna, bisa tabarmi, kusa da ramukan ginshiƙai, sun jingina da tsibin marke. Daga baya ya faskare itacen tas, ya jera shi bisa duwatsu inda iska take bi, ya kuwa bushe da kyau, daidai lokacin da zafi ya shigo, mutane suna neman inuwa, shi ba shi da rumfa.

Saboda haka tashi ka je ka ƙarasa naka tun ba a neme shi ba. Goran ma mutumin nan yana da shi, babba kuwa, amma Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.