Tsauni na Uku

Tunda ka ce kai kallo ɗaya kake yi wa aiki ka gane kansa, zauna ka ji misalin wani ɗalibi da ya karanci ilimin duwatsu a jami'a. Yaro ne mai kai, wannan ba a ƙwace masa ba. In malami ya ɗaga dutse a gaban aji, kafin ya rufe baki shi ya faɗi sunan dutsen da asalinsa, har abokai suka laƙaba masa Farfesa, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Sai dai wannan karatu ba a cikin aji ake sallamar mutum ba. A shekarar ƙarshe akan kwashi ɗalibai a kai su daji, a yanka wa kowa yankinsa, a ba shi guduma da kamfas mai nuna gabas da yamma, ya tattake wurin da ƙafarsa, ya zana taswirar irin dutsen da ke kowane gefe. Wanda taswirarsa ta faɗi sai ya jira baɗi. Shi kuwa ba shi da shekarar zubarwa, don tsohonsa ya riga ya cika unguwa da labarin bana ɗansa zai fito, har ya ɗaure ragon walima yana ba shi dusa.

Malamar da ta kai su dattijuwa ce mara yawan magana, kuma doka ɗaya ta kafa musu: kada kowa ya yarda da dutsen da ya tsinta a yashe. Irin wannan baƙo ne, ba a san wanda ya kawo shi ba. Ɗan gari shi ne wanda ka fasa da hannunka daga jikin tsaunin. Yankin ɗalibin nan tsaunuka uku ne. Na farko da na biyu ya hau su da zafinsa, ya fasa, ya ga dutse ne mai tauri, mai ɗigon fari da baƙi, irin wanda ake yin tsakuwar gini da shi. Na ukun yana ƙetaren wani rafi, sarƙaƙiya da ƙarangiya sun kewaye shi. Ya isa gindinsa rana ta take, ruwan gorarsa ya yi zafi, ƙafa ta yi bororo. Ya zauna a inuwar wata kanya ya ɗaga kai ya dube shi: baƙi ne kamar 'yan'uwansa, tsayin ma kusan ɗaya. Ga kuma wani dutse nan kwance kusa da ƙafarsa. Ya sa guduma, sai ga ɗigon fari da baƙi. Son jiki ya raɗa masa cewa ai duk kanwar ja ce, ilimi kuma ya ba son jiki hujja, kamar yadda ya saba yi wa masu kai. A taswirarsa ya shafa wa tsaunin launin sauran biyun, ya koma sansani da wuri. Malama ta dubi ƙafar wandonsa ta gan ta fes, ba ƙarangiya ko ɗaya.

Al'adarta ce ranar tashi ta ɗora yatsa a wuri ɗaya cikin taswirar kowane ɗalibi, su tafi can tare. Da yatsan ya sauka kan tsauni na uku, sai ya sha jinin jikinsa. Suka kutsa ƙaya, tsohuwa a gaba, Farfesa a baya yana haki. A can sama ta miƙa masa guduma. Ya buga, maimakon ƙarar da ya saba ji sai dutsen ya marmashe, jan yashi ya zubo masa a kan takalmi. Baƙin da ya hango ashe fata ce kawai da rana da ruwan sama suka yi masa. Gaba kaɗan ga wani kututturen itace kwance, ya koma dutse tun zamanin da ba mutum, har sawun ɓawonsa ana gani. Abin da ɗalibai ke mafarkin samu ke nan, yana cikin yankinsa, yana jiransa, bai zo ba. Wannan ya fi faɗuwar yi masa ciwo. Da suka sauko ta ce ya nuna mata inda ya ɗauki nasa. A gindin kanyar ta ture ciyawa da sandarta, sai ga wasu duwatsu biyu da tsohuwar toka a tsakaninsu. Murhun makiyaya ne, sun ɗauko masu taurin daga wancan tsauni don na nan ba ya ɗaukar tukunya. Ta ce, “Ɗana, dutsenka bai yi maka ƙarya ba. Labarin garinsu ya ba ka.”

Abokansa suka fito a shekarar, shi ya koma gida da jakarsa. Ya durƙusa gaban tsohonsa ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa malama laifi ba. Ya so a yi masa faɗa ko ya ji sauƙi, amma tsohon bai yi masa ba. Sai ya miƙe, ya ɗauki ƙwarya, ya je ya ƙara wa ragon dusa.

To ka ji. In aiki ya yi maka kama da wanda ka sani, je ka taɓa shi tukuna, don masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.